Gulbin Inna

Wata Asabar ce, ana saura kwana tara azumi, a shekarar da nake aji huɗu na firamare, zamanin mulkin soja, wata motar ofis ta tsaya a gaban gidanmu a Ƙofar Dundaye. Ina tsugune ina wanke-wanke sai ga Yaya Bello, babban wana, rungume da wani abu kamar talabijin, direba na biye da shi da akwatin ƙarfe. Kwamfuta ce ta ofishin da yake buga takardu, aka ba shi aronta don ya ƙarasa wani aiki a gida. Ni da ƙanena Sani muka watsar da kwanoni cikin kumfa, kaji suka hau kai, muka bi bayansa. Bai kai ta ɗakinsa na zaure ba, ɗakin Inna ya nufa, wai can ne kaɗai rufi ba ya zubo da ƙasa. Ƙarya yake yi, Allah ya jiƙansa, ya san abin da ya ƙulla.

Inna ita ce mahaifiyarmu, shekara biyu ke nan ɓarin jikinta ya shanye. 'Yar Wamakko ce, a bakin gulbi ta tashi, tsakanin fadamun albasa da inuwar mangwaro, kuma kafin ciwon duk kaka sai ta kwashe mu mun je. Tun da ta kwanta duniyarta ta koma gado, buta, da taga mai kallon katanga. Ni na zama ƙafarta: shara, surfe, kai niƙa, layin famfo, in dawo in tarar ƙawayena sun watse daga gaɗa. Ina jin haushi, ba zan ɓoye ba, har tsaki nakan yi a ɓoye idan ta kira ni.

A cikin kwamfutar akwai wani tsari na zane da juya launi. Kullum bayan la'asar, in akwai wuta, Yaya zai zauna yana zana mashayar garinsu Inna ɗigo-ɗigo, ita kuma tana ba da umarni daga kan gado. Baba, da yake malami ne, sharaɗi ɗaya ya kafa, kada a zana mai rai. Don haka babu mutum babu saniya, sai ruwa, yashi, da kwalekwale a ɗaure. Inna kuwa ba ta da sauƙi. Takan ce, "Wanga ba gulbinmu na ba, Bello. Namu ja-ja na in damana ta zauna, ƙara mai ƙasa." Sai da suka yi sati uku suna wannan ja-in-ja kafin ta gamsu.

Ranar da ya gama, ya taɓa wani maɓalli, sai ruwan ya fara tafiya. Na rantse har sanyinsa na ji. Yaya ya ce babu abin da ke motsi, launukan ne kawai ke musayar wuri, kamar 'yan mata a layin gaɗa, ido ne ke ruɗuwa. Inna ba ta saurare shi ba, hawaye take yi ta ido ɗaya. Ya saita shi yadda in an bar kwamfutar ba a taɓa ba, gulbin zai fito da kansa, in an taɓa kuma ya ɓace. Sani ya sha ranƙwashi a hannuna kan haka. Da yaran unguwa sun yi ihun an kawo wuta, zan jefar da taɓarya in ruga in kunna, mu naɗe hannu mu jira, Inna tana tambaya, "Hadiza, gulbi ya kawo?" A watannin nan ta koma cin tuwo sosai, har zolayar Baba take yi.

Da bazara ta zagayo, sanƙarau ya ɗauke Yaya Bello cikin kwana uku. Ba a yi sadakar arba'in ba motar ofis ta dawo, direban nan ya kwashi kayan gwamnati yana sunkuyar da kai. Abin da ya rage mana shi ne wani ɗan faifai mai kwanson roba, faɗinsa kamar tafin hannu, wanda Yaya ya taɓa ce mana gulbin na ciki, duk kwamfutar da aka saka shi zai fito. A gidanmu kuwa, abu mai daraja cikin fata ake ɗinke shi. Inna ta ce, "Tahi wurin baduku shi ruhe min shi kamar laya, kada ƙasa ta ci shi." Baduku ya juya shi, ya ce ya yi wa wuya girma. Ya ɓare kwanson da wuƙa, ya zaro wani baƙin abu siriri daga ciki, ya ninke shi huɗu yadda ake ninke rubutu, ya bi gefensa da basilla. Ina tsaye ina kallo, ni ce ma na zaɓi jar fata, na dawo gida ina taƙama.

Inna ta rataya shi a wuya tana jira. Bayan shekara aka buɗe shagon buga takardu da kwamfuta kusa da Hubbare, Baba ya yarda a ɗauke ta a mota a kai ta, amma ya ce in fara zuwa a gwada. Mai shagon ya farke ɗinkin, ya buɗe ninkin, ya dube ni. "Yarinya, wa yai wagga aika-aika? Wanga ya mutu, babu mai tashe shi." A bakin shagon na zauna na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Daga nan na koma wurin baduku ya maida ɗinkin, na zo na ce wa Inna injin masu shagon ne ya lalace, sai mako mai zuwa. Baba ya dubi idona, ya gane, ya rufa mini asiri. Wata bakwai ina faɗa mata mako mai zuwa, tana cewa Allah ya kai mu, tana shafa layar, tuwonta yana dawowa ba a taɓa ba.

Yau 'yata takan nuna mini koguna a wayarta, har da ƙarar ruwa, a taɓa su ba sa ɓacewa. Na duba ɗari, babu mai jan nan da Inna ta sa aka ƙara. Layar tana ƙasan akwatina, ban sake farke ta ba. Inna ta tafi tana jiran makon da ni na san ba zai zo ba.