Malam Badamasi Mai Furanni da Guzan Rafin Durumi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 14 ga Maris, 2012, Allah Ya yi wa Malam Badamasi Mai Furanni rasuwa a gidansa da ke Nyanya, bayan jinyar mako uku. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya biyar. Ɗansa Hafizu ne ya kira ni, domin ya ga lambata a wayar mahaifinsa. Shekara shida ke nan rabon da lambar ta kira wannan waya.

Malam Badamasi, na san ka a 2006, shekarar da jaridar da nake yi wa aiki ta rufe. Abuja na ta bunƙasa, gine-gine na tashi ko'ina, ni kuwa kullum sai in sa tufafin aiki in bar Lugbe da safe don kada maƙwabta su gane ba ni da wurin zuwa. Wata rana na sauka a Durumi, na ratsa inda kake renon furanni da ƙananan itatuwa a bakin rafi. Na yi kamar mai saye. Ka dube ni ka ce, "Oga, in ba ka da sauri ga benci."

Wata takwas na yi a kan bencin nan. Ba ka taɓa tambayata abin da ya same ni ba. Idan ka dafa shayi ka zuba kofi biyu, idan mai saye ya zo ka ce ni baƙonka ne. Kai ka koya mini zama shiru har tsuntsaye su manta da mutum. Na ga zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya kusan rabin awa kafin ya cafki kifi. Na ga tunku da 'ya'yanta uku sun tsallaka hanya a jere.

Sai kuma guzan. Tsawonsa ya kai na mutum. Da hantsi yakan fito ya kwanta a kan wani falalen dutse, ya lumshe ido. Ranar farko ka taɓa ni da gwiwar hannu ka ce, "Ga mai filin ya fito. Shi kaɗai ne a garin nan ba shi da takarda kuma ba a rushe masa gida ba." Na yi dariya, kuma na tuna cewa na yi watanni ban yi ba. Ban san yadda zan bayyana ba, amma ganin halittar da ba ruwanta da abin da ke cin raina shi ya riƙe ni a lokacin.

Da na zo da kyamara ka bar ni na ɗauka, amma ka ce, "Ka rubuta abin da ka ga dama, kada dai ka faɗi wurin. Akwai masu cinsa." Na ce to.

Ban cika alkawarin ba. An koya mana cewa labarin da ba shi da wuri bai cika labari ba, ni kuma ina so editan da zan kai wa ya ga ƙwarewata. Na rubuta sunan unguwa, na ambaci gadar da ake sauka, na sa sunanka. Ba wanda ya tilasta mini. Labarin ya fito a shafi biyu, aka yaba, aka ɗauke ni aiki.

Bayan kwana goma sha biyu ka kira ni. Ka ce, "An karanta mini, Oga. Jiya wasu sun zo da karnuka, sun tafi da shi." Ba ka ɗaga murya ba. Na ce ina nan zuwa. Ban je ba. Na sauya hanyar zuwa ofis don kada in bi ta Durumi. Da na ji an tashe ku daga wurin, na ce wa kaina yanzu ai ban san inda kake ba, alhali lambarka na cikin wayata.

A maƙabarta liman ya roƙi jama'a cewa duk wanda marigayi ya ɓata wa rai ya yafe masa. Kowa ya ce mun yafe. Ni ma na faɗa, muryata cikin ta mutane, kamar ni ne aka yi wa laifi.

Wurin zaman makoki na nemi ganin maiɗakinka, Malama Asibi, na faɗa mata duk abin da na rubuta a nan. Ta saurara har na gama. Ta ce, "Wannan tsakaninku ne, Malam, ba ni da ikon yafewa a madadinsa. Ni dai ban taɓa jin ya ambace ka da sharri ba." Sannan ta ƙara da cewa, "Gaskiya ban ma taɓa jin ya ambace ka ba."

Na yi mata godiya na fito. Abin da ya rage mini shi ne addu'a.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Badamasi, Ka yalwata kabarinsa, Ka saka masa da Aljannar Firdausi saboda tausayin da ya nuna wa mutum da dabba. Ina miƙa ta'aziyyata ga Malama Asibi, da Hafizu da ƙannensa, da abokan sana'arsa. Allah Ya ba ku haƙurin rashinsa. Ni kuma, Allah Ya sa ya yafe mini tun yana da rai.