Suwaitar da Na Saƙa wa Yaya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Janairu, da hantsi, Allah ya karɓi ran yayata a gadon asibiti, bayan jinyar wata goma sha ɗaya. Ina zaune a gefenta, jakar saƙa tana kan cinyata. Ni ce autar gidanmu, ni ce kuma wadda ta fi ba ta wahala, shi ya sa nake ganin ni ya kamata in rubuta wannan.

Yaya, shekara ashirin da shida kika yi kina aikin jinya a ɗakin jariran da aka haifa bakwaini. Ba ki taɓa zuwa aiki babu dunƙulen zaren ulu a aljihu ba. Idan aka sami sarari, abokan aikinki suna hira, ke kina saƙa hula wadda ba ta wuce girman lemo ba. Ranar rasuwarki wata mata ta zo da saurayin ɗanta, dogo har yana sunkuyawa a ƙofa, ta ciro hularsa ta jarirantaka daga jaka ta nuna mana. Ba mu san ta ba. A danginmu kuwa babu yaron da bai sa safar hannunki ba. Kuma duk tsawon shekarun nan babu wanda ya taɓa saƙa miki ko da tsumma. Da ni a cikin marasa kunyar.

Sau nawa kika zaunar da ni ki koya mini? Sai in yi layi uku in wurgar da allura. 'Yar Gaggawa kike kirana har na yi furfura.

Da ciwo ya kama ki, sanyi ya zama abokin zamanki. Rana tsaka kina rawar ɗari. Yatsunki suka daina riƙe allura. Suwaitar kanti da mijinki ya sayo, ta kai ake sa ta, ke kuma ba kya iya ɗaga hannu, ga robar ƙarin ruwa a jiki. Na ga yadda ake kokawa da ke kafin a cire ta, raina ya ɓaci. Na ce ni zan saƙa miki mai maɓallai a gaba, daidai jikinki, wadda ma'aikaciyar jinya za ta buɗe ba tare da ta wahalar da ke ba.

Kika yi dariya har tari ya sarƙe ki. Kika ce, "Ke? Ke da ko gyale ba ki taɓa ƙarasawa ba?"

Na ce, "Ni ɗin dai."

Ba ki yi mini sauƙi ba don kina kwance. Kafin in fara, sai da kika sa na saƙa ɗan gwaji kamar tafin hannu, na wanke, na shanya, na ƙirga idanun saƙa nawa ke cikin inci ɗaya. Na ce ɓata lokaci ne. Kika ce riga mai bin jiki ba a saƙa ta da ka. Sannan na zagaya ƙirjinki da tef ɗin awo: inci arba'in. Na rubuta a bayan takardar magani.

Wata biyu na yi ina saƙa bayan rigar, a motar haya, a wurin aiki, a kan bencin jiran likita. Da na kawo na kara a bayanki, sai na ga ta yi yawa. Na zaci hannuna ne ya yi sako-sako. Na sake awo: talatin da bakwai. Na warware, na sake. Bayan sati shida, talatin da huɗu. Likita yana cewa ana samun ci gaba, mijinki yana cewa da sauƙi, Inna tana cewa kin yi haske. Tef ɗin awo ne kaɗai bai yi mini ƙarya ba. Na shiga banɗakin asibiti da shi a hannu, na yi kuka kamar wadda aka doka. Wallahi na tsani tef ɗin nan, har yau ban iya kallonsa ba.

Na dawo na kama bakin zare zan sake warwarewa, kika dafa hannuna.

"Tufka da warwarar ta isa haka. Ɗauko biro."

Kika faɗa ina rubutawa. Ƙirji arba'in. Kafaɗa kaza, tsawo kaza. A hannu kuma kika ce in ƙara inci biyu.

Na ce, "Haba Yaya, hannunki gajere ne. Za ta rufe miki yatsu."

"Ke ce malamar ko ni?"

Na rubuta, kuma in faɗi gaskiya, daɗi na ji. Na ɗauka kina sa ran ƙibarki za ta dawo. Na ce a raina, tunda mai jinyar wasu ta ce arba'in, ai ta san abin da ta gani a jikinta. Da wannan na rayu wata uku. Wauta ce, amma ita ta riƙe ni.

Daga nan na shiga tsere da ciwonki. Ina sauri, kina hana ni. Idan na tsallake ido ɗaya layi goma a baya, daga kwance za ki hango shi, ki ce in koma. Ran nan na yi miki tsawa. Na ce ba mu da lokacin wannan iyayin. Kika ce, "Ni ce ba ni da lokaci. Ke kina da shi. Koma ki gyara." Wannan tsawar tana ci na, Yaya. Ki yafe mini.

Ranar Lahadi kafin rasuwarki na haɗa gaba da baya da hannuwa, saura maɓallai. Ni da 'yarki muka ɗaga ki muka sa miki. Kin nutse a ciki. Kafaɗun sun zubo, hannuwan suna lilo bayan yatsunki. Wata bakwai ina aiki, ga abin da na samu: buhu. Na ce na kasa.

Kika shafa gefen, kika juya ciki kika duba ɗinkin yadda kika saba. Kika ce, "Ta yi daidai."

"Ina daidai a nan?"

"Na ce miki ta yi daidai."

Minti goma kika yi da ita a jiki, sannan kika ce ta yi miki nauyi. Ke nan duk ɗumin da na iya ba ki.

Jiya na zauna na ɗinka maɓallan guda shida, don na san ba kya son aiki rabi. Babu wanda zan gwada a jikinsa in ga ko sun yi daidai da ramukansu, sai na zura ta a jikina. Kafaɗa ta zauna. Ƙirji ya zauna. Hannun ya tsaya cif a wuyan hannuna, dogon hannun nan nawa da kike tsokana tun muna yara. Na tsaya a gaban madubi. Ashe tun ranar da kika ce in ɗauko biro kin gama sanin ba za ki tashi ba. Ni kika auna da ido, kika bar ni ina murna.

Na ji haushinki, ba zan ɓoye ba. So na yi sau ɗaya a rayuwa in zama ni ce na ba ki. Ko wannan ba ki bari ba.

Ina miƙa ta'aziyya ga Inna, wadda ta binne 'yar farinta, Allah ya ba ta juriya. Ga mijinki, da bai kwana a gida ba wata uku. Ga 'yarki da ƙannenta biyu, da abokan aikinki na ɗakin jarirai, da iyayen da har yanzu suke ajiye da hulunanki.

Ya Allah, ka jiƙan baiwarka, ka yafe mata kurakuranta, ka sa ciwon da ta sha ya zama kankarar zunubi. Ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi. Ta suturta bayinka da yawa tun suna tsumman goyo, mu kuwa mun kasa suturta ta. Ka tufatar da ita da tufafin Aljanna. Amin.