Ƙafar Jirgin da Ta Ƙi Sauka

Shekarar da ruwa ya raba ƙauyenmu da titi, na rufe shagona na gyaran wayar mota a tashar Nguru na tafi taya Yaya kwashe hatsi. Shi ne babba a ɗakinmu. Shi ya zauna gida yana noman fadama, ni kuwa aka kai ni gari koyon sana'a, na fito da hannu mai baƙin mai da baki mai gardama. Ruwa ya fara lasar gindin rumbunansa biyu, don haka tun safe muke jidar dammunan gero zuwa tudun makaranta.

Bayan azahar kaɗan ya sa ƙafa tsakanin dammuna, sai na ji ya yi salati a hankali, ya ja da baya ya zauna. Kububuwa ce, ita ma ruwan ne ya koro ta. Ta sare shi a bayan ƙafar dama, kusa da yatsu. Duk wanda ya tashi a fadama ya san aikinta: ba ta kayar da mutum nan take, jininsa take tsinkawa. Maganinta na gaskiya yana asibitin Gashuwa, kuma da kwale-kwale da sanda sai a kwana a hanya. Na ciro biro na zana layi a inda kumburin ya tsaya, daidai idon sawu, muka ɗora shi kan ƙyauren ƙofa muka nufi bakin ruwa.

Akwai jirgin ruwa guda a ƙauyen, wanda masu kawo agaji suka bari. Fari ne, na faiba, wato roba mai tauri, injinsa a ciki kamar na mota, ta baya kuma wata ƙafar ƙarfe ta fito, a ƙarshenta farfela. A hannun giya akwai maɓalli: ka danna sama, wani ɗan famfo mai aiki da batir ya ɗaga ƙafar daga ruwa, ka danna ƙasa, ya sauke ta. A ruwanmu wannan maɓallin ba ya hutawa, don ga kacalla, doguwar ciyawar nan da ta cinye fadama, ga ragar masunta, ga gonakin da ruwa ya rufe. Mai tuƙin wani tsohon masunci ne, Babade, kowa Baba yake ce masa. Da safe ya ɗaga ƙafar don ya jawo jirgin kan yashi, tana nan a sama, farfela na kallon rana.

Aka kwantar da Yaya, matarsa ta zauna ta ɗora kansa a cinyarta, matasa suka tura jirgin cikin ruwa. Baba ya danna ƙasa. Ƙas. Ya sake dannawa. Ƙas. Ƙafar ko motsi.

"Kwana uku ke nan tana min wannan halin," in ji Baba. "In na girgiza wayoyin can lungun baya, wani sa'in takan yarda."

"Baba, girgiza ba gyara ba ce," na ce masa. "Matsa min."

Haka na faɗa, da wannan muryar. Shekara fiye da goma ina jin direbobi suna koya mini aikina, har kunnena ya daina ɗaukar maganar mai abu. Ya dube ni, ya matsa, ya ce, "To, Injiniya."

Abu uku ba sa barin aljihuna ko biki za ni: filaya, sukudireba, da kwan gwaji, wato ɗan kwan fitila mai waya biyu, ka maƙala ɗaya a jikin ƙarfe ka taɓa ɗayar inda kake neman wuta. Na fara zargin batir. Baba ya murɗa makulli, inji ya tashi tsaf, ya kashe shi da sauri, don ba a barinsa yana aiki ƙafa na sama. Ashe batir lafiya lau. Na buɗe murfin baya na sami famfon. A kansa 'yan akwatuna biyu ne masu yin ƙas ɗin nan, ɗaya na ɗagawa ɗaya na saukewa, ga jar waya mai kauri ta shigo musu daga batir. Na maƙala kwan gwajina a ƙarfen da fasinja ke riƙewa a gefen jirgin, na taɓa jar wayar. Bai kama ba.

Nan take na yanke hukunci: wuta ba ta isowa, jar wayar ta tsinke a wani wuri. Ita kuwa ta bi ta ƙarƙashin katakon da ake takawa. Na shiga kwance kusoshi, takwas ne, uku sun yi tsatsa sun ƙi juyawa. Sai da aka ɗaga Yaya aka gyara masa kwanciya don in cire katakon da ke ƙarƙashinsa, ya cije leɓe. Na bi wayar taku-taku da yatsa, ban ga tabo ba. Na ciro fiyus, lafiyarsa ƙalau, amma don taurin kai na naɗe shi da zaren waya na mayar. Ƙas.

Na waiwaya na dubi ƙafar Yaya. Kumburin ya haye layin biro da faɗin yatsu uku, fatar tana sheƙi.

Wani daga bakin ruwa ya ce a kwance tiyon man famfon mana, ƙafar ta faɗo da kanta. Na so in yi. Baba ya girgiza kai. Ya ce kafin a kai babban kogi akwai tsohuwar jingar gonakin shinkafa, ruwa ya rufe ta da kamu ɗaya kacal. In ƙafar ta sauka ba ta ɗaguwa, a nan za mu bar farfela, mu zauna tsakiyar kacalla inda ko kwale-kwale ba ya bi. Ya faɗa ba tare da ɗaga murya ba, na kuma san gaskiyarsa.

Sai aka kira la'asar daga tudun makaranta. Ni kuwa a tunanina ban wuce minti goma ba. Matar Yaya ta kira ni da sunan da take kirana tun ina yaro, ta nuna mini gefen mayafinta. Ta goge masa baki ne, jini ya fito daga dasashi. Tsoro ya kama ni, kuma tsoro a wurina fushi yake zama. Na ɗauki sukudireba zan haɗa manyan kusoshin akwatin kai tsaye, yadda muke tayar da mota a tasha in makulli ya ƙi.

Baba ya damƙe wuyan hannuna. Ban san tsoho yana da wannan ƙarfin ba.

"Ba ka jin warin fetur? Ka yi tartsatsi a ramin nan, duk mun tafi. Ɗana, wannan ba mota ba ce."

Maganarsa ta ƙarshe ce ta farkar da ni. A mota duk jikin ƙarfe ne, wuta ta fita ta jar waya ta koma batir ta jikin motar, shi ya sa duk inda ka maƙala kwan gwaji ya yi. Jirgin nan faiba ne. Ƙarfen da na maƙala kwan a kai an ɗaure shi ne a jikin faiba, bai haɗu da komai ba. Ko wutar duniya ce a jar wayar nan, kwan ba zai kama ba. Tun bayan azahar ina bin wayar da ba abin da ya same ta.

Na cire shi na maƙala a baƙin kan batir. Na taɓa jar waya, ya kama. Na ce Baba ya danna, na taɓa wayar saukewa, ya kama. Na taɓa baƙar wayar famfon, wadda wuta ke komawa ta cikinta, inda bai kamata ya kama ba, nan ma ya haska fes. Wuta tana shiga, hanyar komawa ce ta toshe. Na bi baƙar wayar da hannu, ta lanƙwasa ta shige lungun baya inda ruwa ke kwanciya, daidai inda Baba ya nuna mini tun farko. Hannuna ya taɓa wani abu mai laushi.

Laya ce, ɗinkin fata, ta yi baƙi don tsufa, an ɗaure ta tam da tsirkiya a jikin wayar. Tsirkiyar ta ci robar wayar, jiƙaƙƙiyar fatar ta kwanta a kan ciwon, jan ƙarfen ciki ya zama kore. Na lanƙwasa wurin kaɗan na ji yana ruɓushewa kamar tsohuwar igiya. Na ɗaga filaya.

"Kada ka taɓa ta," in ji Baba. Ta mahaifinsa ce, ta bi kowane kwale-kwale da suka taɓa tuƙawa. Da aka ba shi jirgin ya nemi lungun da ƙafar fasinja ba ta kaiwa, ya ɗaure ta a abin da ya ga ya fi ƙarfi. "Ba a kwance ta a kan ruwa. In an kwance, ni ba zan tuƙa ba."

Na miƙe tsaye a cikin jirgin har ya yi tangaɗi. Abin da ya zo bakina, da na faɗe shi, da har yau ba ma gaisawa. Shi kaɗai ya san hanyar cikin kacallar nan, ga ɗan'uwana yana zubar da jini, ga shi yana mini maganar tsirkiya. Sai na ji muryar Yaya, ƙasa-ƙasa, idonsa a rufe.

"Kai dai da faɗa. Wa ya ce sai ka kwance? Yanke ta nan, ka yanke ta can."

Haka na yi. Na datse wayar gaba da layar da bayanta, na miƙa wa Baba guntun da layarsa a ɗaure yadda take. Ya karɓa da hannu biyu ya mayar da ita lungunta. Na fizge maƙalin da ya riƙe wayar don in sami rara, na feƙe bakunan biyu har jan ƙarfe mai haske ya fito, na murɗe su da filaya, na naɗe da guntun roba. Baba ya danna. Famfon ya yi kuka, ƙafar ta sunkuya a hankali ta nutse. Matar Yaya ta fashe da kuka.

Duk hanya ina durƙushe a baya, yatsuna a kan haɗin. Da muka iso jingar Baba ya ɗaga ƙafar, wayar ta yi zafi har ta ƙona ni, ban saki ba sai da na ji ƙafar ta sake sauka. Mun kai Gashuwa rana ta yi ja. Mai keke ya ɗauke mu daga bakin gada zuwa asibiti, aka sami maganin, aka ɗaura masa. Kwana na uku jinin ya tsaya.

Yaya ya rayu. Amma naman bayan ƙafar ya mutu, aka cire yatsu biyu, sawun ya sandare. Bai ƙara shiga laka ba. Mutumin da ke dasa shinkafa tun daga hantsi har yamma yanzu yana zaune a rumfa yana sayar da irin albasa. Ban taɓa tambayar likita ko da mun iso da wuri da yatsun sun tsira ba. Na tsaya a bakin ƙofarsa sau biyu da tambayar a bakina, na juya, don ina tsoron amsar.

Shi Yaya bai san tsawon lokacin da muka yi a bakin ruwa ba, zafin ciwo ya haɗe masa ranar. Duk Sallah in mun taru sai ya ba da labarin, yana dukan kafaɗata: jirgin Turawa ya ƙi, tsohon masunci ya rasa ta yi, ƙanensa ya shiga ya gyara kafin a ƙifta ido. Baba yakan kasance a wurin wani lokacin. Goronsa kawai yake ci. Ni ma ban taɓa gyara wa Yaya labarin ba. In ya gama, sai in tashi in miƙo masa sandarsa da takalmin nan nasa na dama da ake cusa wa tsumma a gaba.