Gindin alƙalami

Shekarar da idona ya fara gajiya da ƙananan baƙaƙe, 'yata mai aikin jinya a Kafanchan ta kawo mini wani allon karatu na zamani, bai fi tafin hannu biyu ba. Ta ce an zuba Maganar Allah gaba ɗaya a ciki, kuma ana iya ƙara wa baƙaƙen girma. Yana da nasa alƙalami marar tawada, ka rubuta da bakinsa, ka goge da gindinsa. Tun a ranar gindin nan bai kwanta mini ba.

Ni ne mai karanta aya a ƙaramar ikilisiyarmu a Kagoma. Firamare kawai na yi, don haka ba na tsayawa gaban jama'a sai na bi karatun sau da yawa a gida, ina ja layi inda zan numfasa. A tsohon littafina da fensir nake yi. Da allon ya zo na koma yi a kansa.

Wata Alhamis bayan na dawo daga gonar citta, a gajiye, na ja layi ya karkace ya hau kan aya. Na juya alƙalamin na murza. Layin ya tafi. Sai na lura ashe a kan ayar na murza. Abin da ya cinye rubutuna, me zai hana shi lasar na Allah? Idan kalma ta fita, na tsaya ranar Lahadi na karanta wa mutane aya guntuwa, a wuyana yake.

Na kira matata, wadda idonta ya fi nawa lafiya, na miƙa mata tsohon littafin.

"Karanta a hankali, ni ina bi a nan."

"Baban yara, tuwona yana kan wuta."

"Tuwo zai jira."

Ta fara. Ba mu yi nisa ba na ji ta faɗi kalmar da ba ta a allona. Na ce ta sake. Ta sake, ba ta nan. Gaba kaɗan ma aka sami wata.

"Ka gani," ta ce, "kai da ko tsintsiya ba ka iya riƙewa, yau ka share aya."

Ban yi dariya ba. Washegari na nannaɗe allon a tawul, na hau acaɓa zuwa gidan fastonmu. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya karɓi alƙalamin ya murza gindinsa a kan ayar da ƙarfi. Na kusa riƙe masa hannu. Ko ɗigo bai motsa ba.

"Baba, ba ka goge kome ba," ya ce. "Littafinka tsohuwar fassara ce, wannan sabuwa. Magana ɗaya ce."

Na yi godiya, amma a hanyar dawowa ina ta juya abin. Na yarda da fasto. Allon ne ban yarda da shi ba. Tun da an iya canza masa kalma ban sani ba, yaya zan san abin da zan tarar gobe? Kuma tsofaffin matanmu, waɗanda Hausa ba yarensu ba ne, da ka suka riƙe ayoyin nan. Suna bina da leɓe idan ina karatu. Kalma ɗaya ta bambanta, za su ɗago kai.

Ranar Asabar na buɗe farin shafi a allon, inda babu rubutun kowa. Matata ta zauna kan tabarma da tsohon littafin tana faɗa mini ayoyin Lahadi, ni ina rubutawa da manyan baƙaƙe irin na ajin farko. Da muka gama na karanta mata, tana bi da yatsa. Na so mu sake, ta ce ko malaman jarrabawa suna tashi.

Ranar Lahadi na karanta rubutun hannuna. Ina satar kallon bencin tsofaffin, leɓunansu na tafiya tare da nawa har ƙarshe, ba wadda ta ɗago.

Alƙalamin kuwa yana cikin jakar matata tun daga gida. Haka muke yi har yanzu, ba ya zuwa kusa da allon sai an tashi sujada.