Bapa Salik, Saƙonka Bai Isa Tudu Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha biyu ga watan Shawwal, bayan la'asar, aka tarar da Bapa Salik Untong zaune a gindin kwakwa a bakin hanyar Pikit, babur ɗinsa a jingine, rai ya yi halinsa. Da labarin ya iso ni, abin da na fara tambaya shi ne ko harsashi ne. Aka ce a'a, zuciyarsa ce ta tsaya.

Bapa, da harsashi ne, da yaran da ke sansanin mayaƙanmu a fadamar Ligawasan ba za su kwana ba su rama ba, kuma ɗana Musib yana cikinsu. Ko da ka tashi tafiya, ba ka bar wa kowa hujjar harbi ba.

Na san ka ne a makarantar da muka fake lokacin yaƙin baya, muna kwana a ƙarƙashin tebura. Kullum sai na tare ka in ji abin da jarida ta ce, ko an ambaci inda ɗana yake. Ran nan ka gaji ka ce, “Ke Noraida, kin cinye mini kunne. Ga ajin manya can, je ki koya ki karanta da kanki.” Na je, da furfurata. Da hannun da ka tura ajin nan nake rubuta maka wannan.

Da aka tsagaita wuta, manya suka tafi Kuala Lumpur zaman sulhu, ka shiga cikin masu sa ido kan yarjejeniyar tsagaita wutar. Abin da aka ba ka riga ce kawai, wadda ba ta rufe maka tumbi. Ka san mutanenmu, ba a kai ango sai samari sun harba bindiga sama. Shi ya sa kafin kowane biki kake hawa tudun sojoji ka sanar da su, sannan ka shiga kwalekwale ka sanar da na fadama.

Ba zan manta bikin ɗiyata Sarifa ba. Ka je ka faɗa, ashe an sauya sojojin, an kawo baƙi daga Luzon, wanda ka gaya wa kuma ya tafi da maganar a bakinsa. Ango na shigowa, samari suka saki wuta. Ba a jima ba muka hango motar sulke tana gangarowa. Mata suka hau kwasar yara. Musib, wanda ya zo hannu wofi kamar yadda yarjejeniya ta ce, ya nufi bakin ruwa zai kira abokansa. Ka damƙe wuyan rigarsa.

“Ina za ka, ɗan nema? Ƙanwarka ake aurarwa. Koma ka ci shinkafa.”

Sai ka ɗora faranti cike da pastil a ka, shinkafa da kaza a naɗe cikin ganyen ayaba, ka bi tsakiyar hanya kai kaɗai. Muna kallo bakin bindigar motar ya juyo kanka. Jami'in da ke kan motar ya daka tsawa ka tsaya, ka ɗaga murya har muna jiyowa:

“Yallaɓai, ka taɓa ganin an zo yaƙi da kaza? Biki muke yi. Ku da ba a gayyata ba ma kun riga wasu dangin ango isowa!”

Farantin ya dawo babu ko ƙwaya. Jama'a suna ta dariya, ana cewa Bapa ba ya tsoro. Ni na gan ka a bayan ɗakina kana amai. Ka ce, “Kada ki gaya wa matata, za ta ɓoye mini makullin babur.” Tun ranar na san tsoronka da nawa iri ɗaya ne, sai dai kai kana tafiya da naka.

Yanzu ga auren Musib an ɗage shi zuwa bayan arba'in ɗinka. Saboda shi ka fita ranar Talata. Waɗanda suka ɗauko ka sun ce babur ɗin tudu yake fuskanta, ba gida ba, ashe saƙon bai isa ba. Na roƙi samari su bar harbin, suka ce to, amma na san irin “to” ɗinsu. Maza sun ce a jira a naɗa wani a madadinka. Ni ba na iya barci da wannan jiran. Na yanko ganyen ayaba, gobe da hantsi zan hau tudun nan da farantina.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Bai Kalima, da 'ya'yanka, da duk uwar da ɗanta ya kwana da rai saboda zirga-zirgarka, a fadama ko a kan tudu. Allah Ya jiƙanka, Bapa, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Allah Ya ba iyalinka haƙuri, Ya sa masu zaman sulhu su dawo mana da alheri. Ni kuma Ya riƙe mini gwiwoyina har in kai inda babur ɗinka bai kai ba. Amin.