Waƙar Kuza ta Babana

Mun tashi daga Zariya da asuba, ni da 'yata mai shekara tara, a wata tsohuwar Fijo mai tari a kowane hawa. A Saminaka muka karya da kunu da ƙosan kwabo biyar. Daga nan sanyi ya fara ratsa riga, duwatsu suka hau kan juna, na san Jos ta kusa.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Mahaifina tela ne a unguwar Kwararafa cikin Jos, kuma ya rubuta waƙa a kan masu haƙar kuza. Ina yaro, da ya fara rerawa a bakin keke sai in sulale wajen ƙwallo. Bara waccan ya rasu. Baitocin suna hannuna a takarda, amma karin ya ɓace mini, ga yarinya kullum tana tambayar yadda kakanta yake rerawa. Kunya ta ishe ni.

Tsohon maƙwabcinmu ya cika mana ciki da gwate, ya rantse shi ko amshi bai iya ba. Ya ce mu gwada laburaren gari, can marigayin yake yini ran Asabar tun da idonsa ya gaza da allura.

Da sanɗa na shiga, saboda allon hana surutu. Ma'aikaciyar, wata 'yar Ibo mai tabarau, tana jin ko ɗan wa ne ni ta ja mu bayan ginin. Yara ne cike da tabarmi a gindin itacen turare, na Anguwan Rukuba da na Kabong da na unguwarmu.

"Baba ya ce waƙa ba ya zama a kabad," in ji ta. "Da baki ya koya masu."

Ta tafa sau ɗaya, suka ɗauka. A tsakiyar kowane baiti sai su yi ɗan shiru, sannan su ci gaba. Nan ne mahaifina yake tsayawa ya tsinke zare da haƙori. Ba su san dalili ba, haka suka same ta. Na zauna a ƙasa na yi kuka.

Washegari muka juyo. Abin da na gano shi ne, gadon da na guje wa, 'ya'yan wasu ne suka riƙe mini. Muna shiga Zariya yarinyar tana rerawa, na bi ta, na zarce.

"Baba, a nan ake tsayawa," ta ce.

Na tsaya.