Wakilin Shirwa

A garinmu, can bayan Dei-Dei, idan an gama girbi mata kan yi wasa na yini guda. Su ari rigunan mazansu, wata ta zama mai gari, wata liman, wata mai awo, su yi ta kwaikwayonsu a gaban jama'a. Ƙa'idar ita ce duk wanda ake kwaikwaya dole ya zo ya zauna a tabarma ya kalla, kuma abin da aka faɗa cikin wasa ba a riƙe shi a zuci. Kakata, wadda muke kira Iya, ita ke fitowa a mai gari. Ta iya tarinsa, ta iya gyangyaɗin da yake yi ana tsakiyar shari'a. An ce saboda ita ya daina tara matan gari su yi masa aikin gona ranar kasuwa.

Lokacin Abuja ba ta wuce ramuka da katafila ba. Bayan isha'i mukan zagaye murhun Iya, tana tura mana rogo cikin toka, kwaɗi na ta kuka daga rafin da ke bayan gari. Iya ba ta iya tatsuniya a zaune ba, ko ƙafa na ciwo sai ta miƙe. Takan ce, "Ga wata nan tafe, ku matsa mata." Mu ce, "Ta shigo, akwai wuri."

Akwai tatsuniyar da na tsana, ita kuwa kamar da gangan take yawan kawo ta. Wai kaji ne suka gaji da shirwa tana kwashe musu 'ya'ya. Wata tsohuwar kaza ta ce, "Ba mu da farce, ba ma tashi sama, amma mun iya rawa. Mu yi mata wasa ta ga kanta, ko ta ji kunya." Kwana bakwai suna koyo, aka kai wa shirwa goron gayyata. Ranar wasa aka shimfiɗa mata sabuwar tabarma, sai ga hankaka ya sauko, ya ce shirwa na da uzuri, shi ne wakili.

A nan Iya ke buɗe mayafinta kamar fukafukai, ta zagaya wutar da sanɗa, ta kawo sura ta fizge ɗankwalin ƙanwata, mu watse da ihu. Haka tsohuwar kaza ta yi, in ji ta. Hankaka ya yi dariya har da faɗuwa, ya cinye tsabar da aka ajiye wa baƙuwa, ya ce zai isar da saƙo. Da kaji suka koma akurki, sai suka tarar babu 'yan tsaki uku, don duk iyayen suna wajen rawa.

"Iya, to sai me?"

"Sai aka kwana."

"Shirwa ba ta zo ba har yau?"

"Ke ƙawata, kin taɓa ganin shirwa a tabarma? Ci rogonki."

Haushi yake ba ni. Na fi son wadda mugu ke faɗawa rijiya kowa ya huta.

Na girma na karanci wasan kwaikwayo, kuma ban yi shakka ba gadon Iya ne. Na zauna a unguwar Gudu cikin Abuja, na samu aiki da wata ƙungiya mai kai wasanni ƙauyuka don wayar da kai. Iya ta rasu kafin tifofi su gano rafinmu. Yashinsa suke kwasa dare da rana ana gina birni da shi, har ruwan ya koma 'yan kududdufai masu launin kunu. Da wannan rafin matan garin ke lambu da rani, alayyafo da tumatir da kuɓewa, da shi ake ci har damina ta faɗi.

Shugabarmu ta ce mu je mu yi musu wasa a kan tsafta, su riƙa tafasa ruwa kafin su sha. Muka je da ganga da lasifika, muka yi, aka tafa. Sai Talatu, ɗiyar kawuna, ta miƙe da goyo a bayanta ta ce, "Yaya, wane ruwan za mu tafasa?" Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Mun kwaso jiki tun daga birni mu gaya wa mai ciwo inda ke masa ciwo.

Na yi zuciya na ce za mu yi irin na Iya. Na tara matan, muka shirya wasa a kan mai tifofin, Talatu za ta fito a matsayinsa. Nan muka fara cijewa. Iya ta san tarin mai gari, mu kuwa ko muryar mutumin nan ba wadda ta taɓa ji. Sai muka sa mata babbar riga da baƙin tabarau da waya biyu, muka ce Allah ya sa haka yake. Sau uku ina kai takardar gayyata gidansa a Maitama, maigadi na karɓa ta wata 'yar taga a jikin ƙofa.

Ranar wasa muka ajiye kujera a gindin ɗorawa. Mota ta iso, mata suka rangaɗa guɗa, direba ya fito shi kaɗai.

"Oga yana mitin, madam. Ya ce in tsaya masa."

Mutumin kirki ne, ba ni da abin cewa a kansa. Ya yi dariya har da hawaye, ya ɗauki komai a wayarsa. Talatu ta yi rawar da ban san ta iya ba, tana taka tulunan mata ɗaya bayan ɗaya. Sau biyu makaɗi na dakatawa, don ƙarar tifar da ke wucewa ta danne gangar.

Sai yanzu na gane Iya ba don ta ba mu haushi take kawo tatsuniyar nan ba. Wasanta ya ci mai gari ne don rafi ɗaya suke sha, kuma gobe zai haɗu da ita a hanyar masallaci. Kunya sai da ido. Ina jin ta hango lokacin da masu iko da mu za su yi nisan da ganga ba ta kaiwa, ta rasa yadda za ta gaya wa yara sai ta bakin kaji. Har yau ina wannan aiki, amma rabin zuciyata ta daina yarda da shi.

Lambunan sun bushe a ranin nan. Mijin Talatu yanzu lodin yashi yake yi wa tifofin, don ba wani aikin. Na kira direban na tambaye shi, ya ce oga ya kalla, ya ji daɗi ƙwarai, har yana tambaya ko matar nan za ta zo ta yi rawa a bikin 'yarsa.

Da yamma Talatu ta kira ni, ina jin muryoyin mata a kusa da ita.

"Yaya, ga mu duk muna ji. Ya kalla kuwa?"

Na ce mata bai samu lokaci ba tukuna.